Daren da Na Zare Wayar Sifika

Shekara biyu na yi ina zubin adashi a wurin aiki saboda akwati guda, wanda tsayinsa da ƙyar ya kai gwiwata. Amfilifaya ce ta jita, irin mai bawul, mai ƙarfin wat 15 da sifika ɗaya mai faɗin inci 12. Da kwasata ta zo, na tura kuɗin ga wani abokina da ke karatu a Ingila, na ce ya sayo ya taho mini da ita in zai dawo gida. Na ja masa kunne kada ya kuskura ya ɗauko wadda aka yi wa kasuwar Amurka, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu da ta Ingila kuwa 230, kuma wadda aka yi wa waccan wutar in ka soka ta a bangonmu ta gama yawo. Sitabilaiza ma tun kafin akwatin ya iso na saye ta na ajiye. A ganina babu wata ƙofar haɗari da ban toshe ba.

Jita na daɗe da ita. Ina ɗalibi a Zariya wani kaset ya faɗo hannuna, gefe ɗaya Muddy Waters, ɗaya gefen B.B. King, kuma tun daga ranar kiɗan buluz ya kama ni bai sake ni ba. Shekara kusan ashirin ina kaɗawa da amfilifaya mai taransisto ta wat 100, wadda ta sha hawa bayan babur, ta sha ƙura, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Sai dai akwai wani sauti a tsofaffin faya-fayan nan da na kasa cimmawa, kuma da na bi sawunsa sai na tarar duk hanyoyin suna komawa ga 'yan kwalaben nan masu ja kamar garwashi. Muddy Waters ya baro gonakin audugar Misisipi ya koma Shikago a 1943, ya ga jitar katako ba ta ratsa hayaniyar gidajen rawa, ya koma ta lantarki. Amfilifayoyin zamanin ƙanana ne, dole a murɗe su har ƙurewa, kuma a nan ne muryarsu ke dushewa ta kama gurnani. Injiniyoyi suna ganin aibi ne, makaɗa suka mayar da shi ado. Leo Fender ya ƙera amfilifayar Bassman a Kalifoniya domin masu jitar bes, masu buluz irin su Buddy Guy suka karɓe ta. A 1962 Jim Marshall, makaɗin ganga mai shagon kayan kiɗa a Hanwell da ke yammacin Landan, ya bi tsarinta ya fitar da JTM45. Bayan shekara huɗu Eric Clapton ya shiga ɗakin ɗaukar sauti tare da John Mayall, ya jona jitarsa Les Paul a amfilifayar Marshall, ya ƙi rage ƙara. Yawancin abin da ake kira tsohon rok daga wannan rijiya ya sha ruwa.

Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mu ma ba mu cika son sauti wankakke tas ba. Shi ya sa ake maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan garaya don ya riƙa zuza a bayan kiɗan, shi ya sa kaushin kukan goge yake taɓa zuciya.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka gwada ta, a wani shago na abokina da ba a riga an zuba kaya ba. Ɗan yayana ne ya ɗauko ta. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, mahaifinsa ya damƙa mini shi yana zaune a gidana a Kaduna saboda makaranta, kuma shekara guda ke nan ina koya masa jita. Muka zagaya bayan akwatin muna leƙen cikinsa: ƙananan bawul uku, 12AX7, waɗanda ke karɓar ɗan siririn sautin jita su ɗaga shi, da manya biyu, EL84, waɗanda ke tura sifika. Na danna makunni. Shiru. Mai taransisto kana dannawa take amsawa, wannan kuwa sai zaren da ke cikin kowane bawul ya yi zafi tukuna. Muka tsaya kamar rabin minti muna kallon jan yana tasowa a hankali, sannan wani ɗan huci ya fito daga sifikar.

Da ƙarar tana kan uku, sautin garau yake, mai kauri, amma bai wuce abin da na sani ba. Da na kai ta shida zuwa bakwai sai akwatin ya zama wani abu dabam. In na shafi tsirkiya da lallashi, ta amsa da murya mai tsabta. In na ɗan ƙara nauyin hannu, ba tare da na taɓa ko maɓalli ɗaya ba, sai muryar ta fashe, ta yi kaushi, ta ja dogon numfashi kafin ta mutu. Taransisto in ka ƙure shi datse sautin yake yi farat ɗaya kamar an sara da adda. Bawul lanƙwasa shi yake yi sannu a hankali, kuma a cikin wannan lanƙwasar ce duk daɗin yake. Na ja tsirkiya ta uku sama na riƙe, na girgiza yatsa, sautin ya tsaya a iska yana rawa har sai da rufin kwanon shagon ya amsa. Shekara ashirin ina zaton hannuna ne ya gaza. Na miƙa wa yaron jitar, ya kaɗa zagaye sha biyun nan na buluz da na koya masa, hannunsa na rawa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Muka dawo gida bayan isha'i kunnuwanmu suna ƙara.

A nan matsalar ta fito. Na yi zaton wat 15 abin ɗaki ne, tunda tsohuwata 100 ce. Ashe kunne ba haka yake lissafi ba: sai an ninka ƙarfi sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙara ta ninku biyu, don haka mai wat 15 ta haura rabin ƙarar mai wat 100. Gidanmu kuwa na haya ne, bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta, ga jaririya 'yar wata biyar a ɗakin maiɗakina. In na rage ƙarar yadda gida zai ɗauka, manyan bawul ɗin ba sa shiga aiki sosai, abin da na ji a shago ya ɓace. Na wuni ranar Asabar ina kewaya akwatin kamar mai azumi da tulun ruwan sanyi.

Da dare ya raba, kowa ya yi barci, dabara ta faɗo mini. Ina da ɗan akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Na ce ai sai in zare wayar sifika daga raminta a baya, in soka wayar jita a wurin, in kai ɗaya bakin cikin akwatin kwamfutar, in sa hedifon, in murɗe ƙara yadda raina ke so, babu wanda zai ji. Na sha cire sifika daga tsohuwar amfilifayata tana kunne, ba abin da ya taɓa samunta. Takardar bayani tana cikin kwali a ƙarƙashin gado, ko ledarta ban yage ba. Na tuna da ita, wallahi na tuna, amma na ce wa kaina mutumin da ya shekara ashirin da wayoyin nan me takarda za ta gaya masa.

Na kai ƙarar takwas. Abin da ya shigo kunnena ba shi da daɗi, tsini gare shi kamar ana yaga kwano, amma na ci gaba da dukan tsirkiya da ƙarfi ina murɗe-murɗe ko zai gyaru. Na yi kamar minti ashirin. Can na ji wani ɗan tas-tas, kamar gishiri a wuta, sautin ya yanke ya dawo. Na ɗauka akwatin kwamfutar ne ya ƙoshi. Na kashe komai, na mayar da wayar sifika mazauninta, na kwanta.

Washegari Lahadi na tafi ɗaurin aure. Kafin in fita yaron ya ce, "Baffa, in ɗan kunna ta da rana?" Na ce ya kunna, amma kada ya wuce uku. Da na dawo da yamma na tarar da shi tsaye a ƙofar ɗaki, fuskarsa ta yi fari fat, ɗakin yana ƙaurin roba. Ya ce ya kunna, ya jira ta yi zafi kamar yadda na nuna masa, ya kaɗa bai fi minti biyar ba, sautin yana fita siriri yana karkarwa, sai ya ji ɗas, fitilar ta mutu.

Ba zan ƙawata abin da na yi ba. A tsakar gida na tsaya, gaban maiɗakina, gaban ƙannenta biyu da suka zo wuni, gaban yaran maƙwabta da ke leƙe. Na ce ya murɗe ta har ƙarshe don ya burge abokansa. Na ce shekara biyu na gumina ya ƙone a minti biyar. Ya ce, "Wallahi Baffa makunni kawai na taɓa, a kan uku na bar ta." Na ce ƙarya yake yi, kuma wannan kalmar ce ta fi komai nauyi, domin ban taɓa kama shi da ƙarya ba ko sau ɗaya. Na hana shi taɓa jita. Ban tsaya nan ba, a daren na kira yayana na kai ƙara, na ji yana cewa a ba shi yaron a waya, na ga yaron ya durƙusa riƙe da wayar yana cewa, "To, Baba. Na ji, Baba." Abin da na yi daren Asabar ko kusa bai zo mini a rai ba. Laifi tudu ne, na take nawa ina hangen na yaro.

Ranar Litinin na ɗauki akwatin zuwa wani lungu a kasuwa, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da aka ce ya koyi sana'a tun zamanin rediyo mai bawul. Da ya ga abin da na sauke sai fuskarsa ta saki, ya ce rabonsa da irin wannan aiki an daɗe. Bai yi gaggawa ba. Ya zaro fiyus ya ɗaga shi a haske, ya yi baƙi ƙirin. Ya kwance bayan, kafin ya sa hannu ya ɗauko wata 'yar waya mai rezisto ya sauke wutar da ke kwance a manyan kafasita, ya auna da mita ya tabbatar. Ya ce cikin irin wannan akwati akwai bolt sama da 300, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare daga bango. Sannan ya cire EL84 ɗaya, ya haska tocila a mazauninsa mai ramuka tara, ya kira ni. Tsakanin ramuka biyu akwai wani siririn layi baƙi, kamar an ja da gawayi. Ya cire wayoyin taransifomar da ke tsakanin bawul da sifika, ya auna ɓangarorinta biyu, ya girgiza kai, ya kai hanci ya shinshina.

Ya ce, "Malam, wa ya kaɗa ta babu sifika?"

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa a tsakiyar hunturu. Na yi shiru, shi kuwa ya ci gaba da bayani yana nuna mini da bakin sukudireba. Ya ce bawul da sifika ba yarensu ɗaya ba. Bawul da wuta mai tsananin ƙarfi yake aiki, yana son kaya mai nauyin dubban om, sifika kuwa om 8 ce kawai. Taransifomar nan ita ce tafinta a tsakaninsu, tana karɓar ƙarfi daga bawul ta miƙa wa sifika. In ka cire sifika, ƙarfin da ta tara ba shi da wurin zuwa, sai ya juyo baya ya yi tsalle ya ninka kansa, kamar yadda kwayil ɗin mota ke haifar da tartsatsin fulogi. Ya ce, "Ka taɓa ganin ɗan dambe ya kai naushi da iyakar ƙarfinsa, abokin karawa ya goce? Kafaɗarsa ce ke biya." Tartsatsin ya huda rufin siraran wayoyin da ke naɗe cikin taransifomar, ya kuma ƙona hanya a mazaunin bawul. Gawayi kuwa yana ɗaukar wuta, don haka da zarar layin nan ya samu, duk wanda ya sake kunnawa wutar za ta bi ta nan har fiyus ya tafi. Ya ƙara da cewa masu ƙera irin wannan sukan sa rami mai rufe kansa in an zare waya, don ya ɗan kare taransifomar, amma in an soka wata wayar da ba ta kai ga sifika ba, an kashe wannan kariyar. Mai taransisto akasin haka take: rashin sifika bai cika damunta ba, haɗewar wayoyi ce ajalinta.

Duk abin da na yi ya karanta shi a jikin ƙarfe kamar yana ɗakin. Abu ɗaya ne bai gani ba. Da ma na riga na gaya masa a hannun yaro ta mutu, sai ya ce, "Yaron ne ko? Haka suke, sai haƙuri."

Na ce, "To, Baba, Allah Ya kyauta."

Wannan amsar ta fi zare wayar muni. Zare waya rashin sani ne da girman kai. Zagin yaron fushi ne da mugun zato. Amma a shagon nan na san gaskiya sarai, aka miƙo mini mafita, na karɓa. Na koma gida na jawo kwalin, na yage ledar takardar, ga gargaɗin nan a shafukan farko, ƙarara, cewa kada a kunna sai da sifika a jone. Na mayar na rufe. Kwana biyu ina ɗauke da abin. Ina ganin yaron yana gaishe ni da safe idonsa a ƙasa, yana cin abincinsa a zaure shi kaɗai, yana bin gefen bango in zai wuce ƙofar ɗakina. Zuciyata tana kawo mini dalilai: ai maganar ta wuce, ai babba ba ya tsayawa gaban yaro yana ba da haƙuri, ai sai in saya masa wani abu a rufe zancen. Daren Laraba maiɗakina tana shayar da jaririya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, daren Asabar da na fito, ba kai na gani kana sauya wayoyi a bayan akwatin nan ba?" Ba ta ƙara ko kalma ba.

Tun muna yara aka karantar da mu cewa haƙƙin ɗan Adam istigfari kaɗai ba ya sauke shi, sai mai shi ya yafe. Na kuma ga cewa tunda a bainar jama'a na ci masa mutunci, ba daidai ba ne in ja shi ɗaki in yi masa raɗa. Ranar Alhamis na sa aka kira ƙannen maiɗakina, na tara mutanen gida a daidai inda na tsaya ranar Lahadi. Na faɗi abin da na yi daren Asabar dalla-dalla, na faɗi abin da mai gyara ya gani, na ce tun Litinin na sani na yi shiru. Na ce yaron nan gaskiya ya faɗa, ni ne na yi masa ƙazafi, ina roƙonsa ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baffa." Na kira yayana a gabansa. Ya saurara har na gama, ya yi shiru mai tsawo, ya ce, "Ka kyauta da ka faɗa. Amma ka sani ni ma na zage shi a kan maganarka." Wannan ban da amsarsa, har yanzu.

Na koma kasuwa na gaya wa dattijon. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, ya ce, "To. Ranar da za mu ɗaura sabuwa ka zo da shi, ina so ya ga cikinta."

Mako bakwai muka yi muna jiran kaya, domin bawul yanzu ba a samunsa a teburin kasuwa. Masana'antu kaɗan ne suka rage suna yin sa, a Saratov ta Rasha, da Silobakiya, da Sin, kuma manyan biyun dole a saye su tagwaye waɗanda aka auna ƙarfinsu ya zo ɗaya. A makonnin nan na koma kan tsohuwar amfilifayata, na kuma tuna abin da na daɗe da sani na ƙi ba shi muhimmanci: B.B. King kansa ya shafe shekaru yana hawa dandali da Lab Series L5, mai taransisto, kuma babu wanda ya ce muryar jitarsa Lucille ta ragu. Har gobe ina son bawul, sautin da na ji a shagon nan gaskiya ne. Sai dai na ɗora wa akwatin nan girman da ya sa na auna shi da mutuncin yaron da aka ba ni amana, na ga akwatin ya fi nauyi.

Na ɗauke hanin jita tun ranar Alhamis ɗin, na jingine masa ita a ɗakinsa. Mako bakwai ɗin nan ban ji ya taɓa ta ba.

Ranar ɗaurawa muka tafi tare. Dattijon ya zaunar da shi kusa da shi a benci, ya nuna masa yadda ake sauke wutar kafasita, ya ce in zai auna abu mai rai ya sa hannu ɗaya a aljihu don kada wuta ta ratsa ƙirjinsa. Ya ba shi riƙon tocila yayin da yake narka darma a ƙafafun sabon mazaunin. Da aka gama ya jawo wani ɗan akwatin ƙarfe da ya haɗa mini: rezisto babba mai om 8 a ɗaure jikin farantin alminiyam, da ɗan rami a gefe mai fitar da sauti kaɗan zuwa kwamfuta. Ya ce in ina son kiɗan dare in jona wannan a madadin sifika, zai shanye ƙarfin ya mayar da shi zafi. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe a gyara ba.

Na ce wa yaron shi zai fara kunnawa. Ya dube ni, ya dubi dattijon. Ya zagaya bayan akwatin, ya bi wayar sifika da yatsa tun daga jikin sifikar har raminta, ya danna ta ya tabbatar ta zauna. Ya duba ƙarar, ya mayar da ita uku. Ya danna makunni, muka tsaya mu uku muna kallon jan yana tasowa. Ya kaɗa zagaye ɗaya, a hankali, tsaf, ya miƙo mini jitar.

Yanzu ya koma kaɗawa, hannunsa ma ya fara wuce nawa a wasu wurare. Na gaya masa fiye da sau uku cewa akwatin nan namu ne mu biyu, ya kunna duk lokacin da ya so. Amma ko jiya da na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a bakin ƙofar ɗakin, jita a cinya, amfilifaya a kashe, yana kaɗa tsirkiya a bushe. Da ya gan ni ya miƙe ya karɓi jakata, ya ce, "Sannu da zuwa, Baffa. In kunna?"